Yadda Aka Binne Littattafan Malam Zubairu

Tijjani ɗan Gwaggo Asabe shi ya ci amanar gidanmu, ni kuma aka bar ni da baƙin suna. Na faɗa tun daga farko don kada wani cikinku ya ce na tsaya kewaye-kewaye. Kun taso kuna jin ana kiran ubanku Garba Mai Binne Littafi a Mandawari, daga masu shayi har matan da ke leƙe ta katanga. Ke Nafisa kin taɓa dawowa daga islamiyya kina kuka, wai an ce miki ubanki jahili ne, ya haƙa rami ya zuba ilimin kakansa. Ran nan hulata kawai na ɗauka na fita. To ga amsar yanzu, ku karanta ku ajiye. Ramin ni na haƙa shi, ban taɓa musu ba. Amma yadda aka yi har na haƙa, da wanda ya sa abin ya zama asara, wannan ne ba a gaya muku ba.

Kakana Malam Zubairu ban riske shi ba, rubutunsa na riska. Shi yake dafa tawadarsa, shi yake fiƙe alƙalaminsa, ya kwafi littattafan fiƙihu da na nahawu da hannunsa, ya kuma tsara waƙoƙin wa'azi nasa na kansa da ajami. Takardun ba a ɗinke suke ba, warwara ne, kowane littafi a cikin gafakarsa ta fata. Baba, wato kakanku Malam Yusha'u, shi ya gaje su, suna jingine a ɗakin soro na kusa da zaure. Lokacin da na yi wayo sun riga sun fara mutuwa. Gara ta shiga ta ƙasa, damina ta shiga ta sama, ɓeraye kuma suna jan guntaye zuwa tsakar gida. Sau da yawa za ka ga Baba ya sunkuya yana tsintar ɗan yagin takarda a bakin rariya, ya hure shi, ya sa a aljihu, fuskarsa kamar an yi masa mutuwa. Abin da ke damunsa sunan Allah ne a ƙasa inda kaji ke takawa. Ya daɗe yana son ya binne su kamar yadda ake yi wa takarda mai tsarki idan ta tsufa, sai dai babu kwafi ko ɗaya, idonsa kuma ya yi raunin da ba zai iya sake kwafewa ba. Ni da ya kamata in gaje shi ban yi nisa a allo ba, a bokon ma na tsaya a tsakiya. Na koyi buga tafireta a wani shago bayan Kasuwar Kurmi, da kwamfuta ta zo na koyi buga ta ita ma. Iyakar ilimina ke nan, ban kuma taɓa ɓoye shi ba.

Tijjani shi ne mai karatun dangi. Uwarsa Gwaggo Asabe ƙanwar Baba ce, don haka ni da shi taubasai ne, wasa tsakaninmu halal ne tun muna yara. Yana ce mini Furofesa, ina ce masa Bature. Ya gama jami'a ya zama injiniyan kwamfuta, kuma a ƙarshen mulkin soja ya haɗu da wasu turawa masu son a adana tsofaffin rubuce-rubucen birni. Suka buɗe masa ofis a wani bene wajen Ƙofar Na'isa, da kwamfutoci, da janareta, da sikana mai ɗaukar hoton takarda. Gidan da ya fara zuwa neman littattafai gidan kawunsa ne.

Bayan la'asar ya zo, muna zaure ni da Baba. Ya cire takalmi, ya durƙusa ya yi gaisuwa, sannan ya dube ni.

"Furofesa, matsa mini, yau manya za su yi magana."

"Bature, ka iya zaman tabarma kuwa, ko a ɗauko maka kujera?"

Baba ya yi murmushi ya ce mu bari. Tijjani ya fara bayani, kuma sai in faɗi gaskiya, ya iya baki. Bai kawo wa Baba turanci ba.

"Kawu, idan baƙo ya shigo birni yana neman gidan nan, lamba yake tambaya?"

"Wace lamba? Cewa zai yi gidan Malam Zubairu."

"To da za ku tashi ku koma wata unguwa fa?"

"Allah ya kiyaye. Amma maƙwabta za su nuna masa inda muka koma."

"To aikinmu ke nan, Kawu. A intanet idan ka ba abu adireshi, ranar da aka matsar da shi adireshin ya mutu. Mu ba adireshi za mu ba littafi ba, suna za mu ba shi, na dindindin. Akwai kwamfuta guda, ba ta da aiki sai riƙe sunayen nan da nuna inda kowane littafi yake a yau. Ko an kai shi Makka, ka kira sunan za ta kai ka."

Ya ƙara da cewa hotunan takardun za a matse su su ƙanƙance, don intanet ɗin lokacin tafiyar kunkuru yake yi, kuma ba a buɗe su sai da wani firogiram da shi da turawan suka haɗa. Firogiram ɗin yana ajiye a wani rumbu na firogiram-firogiram a wata jami'a ta ƙasar waje. Shi ma an ba shi suna irin wancan, an ɗaure shi da sunan kowane littafi. Ka kira littafi, littafin zai kira abin da zai buɗe shi, su zo maka tare.

Baba ya yi ta jan carbi. Can ya ce:

"Ita mai nuna hanyar, wa yake gaya mata in an tashi?"

"Ni ne, Kawu. Kalmar sirrinta tana hannuna."

"In ka mutu fa?"

"Kafin nan na bar wa wani."

"In ka shagala fa?"

Tijjani ya yi dariya, ni ma na taya shi, don mun ɗauka tsokana ce irin ta tsofaffi. Ya dafa ƙirji ya ce:

"Kawu, littattafan kakana ne ni ma. Muddin ina numfashi, duk wanda ya kira sunansu zai same su."

Ina wurin. Da kunnena na ji. Gwaggo Asabe ma ta ji, don tana tsaye bayan ƙyauren cikin gida ta kawo mana ruwa, har ta ce, "Yaya, ka ba shi mana, ai ɗanka ne."

Baba ya yarda da sharaɗi ɗaya, ba mai taɓa takardun sai da alwala. Shi ya sa aka ɗauke ni aiki, ba don gwaninta ba. Kullum da safe in rataya gafaka, in bi ta lungu har ofis, in yi alwala a famfon ƙasan benen, in zauna gaban sikana. Takarda ɗaya-ɗaya nake ɗagawa da tafin hannu biyu, wata tana marmashewa kamar busasshen ganye, in kwantar da ita a gilashi, haske ya bi ta ƙarƙashinta, in juya bayanta. Idan littafi ya ƙare Tijjani ya ba shi sunansa, haruffa da lambobi ne a jere, ya tura hotunan cikin babbar kwamfuta, ya kuma zuba mini kwafi a faifan sidi in kai gida. Ban taɓa jin ina da amfani a duniya kamar wannan lokacin ba. Ni da aka ce na watsar da gadon gidanmu, ga shi duk ganyen takardar da kakana ya rubuta sai ya bi ta hannuna. Da yamma in na dawo Baba yakan tambaye ni wane littafi aka yi yau, in faɗa, sai ya ɗauko mini labarin yadda mahaifinsa ya rubuta shi, a wace damina, da wanda ya ara masa asalin. Ban taɓa hira da ubana haka ba sai a shekarar nan.

Da aka gama, Tijjani ya zo da mota ya ɗauki Baba zuwa ofis. Da ƙyar ya hau benen, yana dafe da kafaɗata. Aka zaunar da shi gaban kwamfuta, Tijjani ya ce in buga sunan babbar waƙar Malam Zubairu, wadda take kwatanta mutum da matafiyi mai haɗa guzuri. Na buga. Aka ɗan jira, sai ga rubutun kakana ya cika allon. Tijjani ya ƙara masa girma har kowane harafi ya kai ɗan yatsa. Baba, wanda ya yi shekaru bai iya karanta rubutun mahaifinsa ba, ya matso da fuskarsa, ya fara rerawa a hankali. Ya kai hannu zai shafa, yatsunsa suka bugi gilashi. Ya janye hannun ya goge idonsa da bakin rawani. A hanyar komawa, da muka shiga unguwa, ya juyo wajena.

"Sun sami gida," ya ce. "Yanzu a bar takardun su huta."

Wannan ita ce shekarar da sojoji suka miƙa mulki. Gari ya cika da fosta, kowane bango da fuskar wani, kowa yana cewa an shiga sabuwar duniya. Daminar ta zo da ƙarfi, azarar ɗakin soro ta karye, ruwa ya sauka kan littattafan har wasu suka manne suka fara wari. Baba ya aika aka kira Tijjani, ya sake tambayarsa a gabana ko akwai ganye ɗaya da bai shiga ba, ko akwai abin da zai hana a same su gobe. Tijjani ya ce babu, yana ma duba agogo, don a lokacin ya fara bin wani ɗan siyasa da ya ci zaɓe. Washegari da hantsi Baba ya ce in ɗauko diga. A gindin dabinon tsakar gida na haƙa, can kusurwa inda ba a bi. Baba ya naɗe takardun a farin ƙyalle da hannunsa, littafi-littafi, yana miƙo mini ina jerawa. Gafakun da ba su ruɓe ba ya ce a bar su. Na mayar da ƙasa, muka kewaye wurin da duwatsu don kada a taka. Gwaggo Asabe tana nan, ita ta kawo farin ƙyallen daga ɗakinta. Ku riƙe wannan, don daga baya ta manta.

Ba a jima ba aka naɗa Tijjani mai ba Ogan nasa shawara kan harkar kwamfuta. Aka rufe ofishin Ƙofar Na'isa, aka kwashe kayan aka bi shi da su sabon wurinsa. Ni aka ce in ɗan jira za a neme ni. Na koma shagon buga takardu. Ban damu ba sosai, ina ganin aikin ya riga ya kammala, faya-fayan suna cikin akwatina, sunayen kuma Tijjani ya buga mini su a takarda. Shi kuwa ya daina zuwa gidan sai da salla, ya zo da gilashin mota a rufe, ya gaisa a tsaye.

Damina biyu suka wuce, idon Baba ya rufe gaba ɗaya. Jikinsa ma ya saki, ya koma kwanciya a zaure inda iska ke shigowa. Abin da ya rage masa haddarsa ce. Yakan rera waƙar matafiyin nan a hankali, tun daga farko, baiti bayan baiti, har ya zo inda matafiyin ya isa bakin kogi. A nan sai ya tsaya. Ya koma baya, ya sake tahowa, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Wata rana ya kira ni.

"Garba, abin da ke bayan kogin ya ɓace mini. Je ka kira sunan nan, ka kwafo mini ƙarshenta ka karanta mini. Ko da tuntuɓe ne, zan gane."

Na ɗauki takardar sunaye na tafi wani kafe na intanet da aka buɗe a bakin titi. Na zauna, na buga sunan a hankali ina dubawa, kamar yadda na saba. Aka jira. Sai ga hoton wani mutum da doguwar hula yana murmushi, a ƙasansa jawabin da ya yi wajen buɗe wata rijiyar burtsatse. Ogan Tijjani ne. Na ce kuskurena ne, na goge na sake. Shi ne dai. Na buga sunan littafin fiƙihu, sai ga shi yana raba wa mata keken ɗinki. Na buga na nahawu, sai ga shi yana yanka ƙyalle da almakashi. Duk sunan da na kira yana nan da ransa, yana amsawa, amma wani yake kawo mini. Mai kafen, wani mutum mai haƙuri, ya ga na yi zuru ya matso. Na gaya masa, na ce ai ba komai, ina da faya-fayai a gida. Na je na ɗauko. Ya sa na farko, kwamfuta ta ce ba ta san abin da ke ciki ba. Ya sa na biyu, haka. Ya ce sai da firogiram ɗinsu. Muka kira sunan firogiram ɗin, shi kuma bai kai mu ko'ina ba, farin shafi kawai da rubutu cewa ba a samu ba.

"Malam," in ji shi, "hotunanka suna ciki, ga nauyinsu nan ina gani. Amma abin buɗe su ba ya nan. Wanda ya haɗa abin shi za ka nema."

Da na koma gida Baba ya ji motsina tun daga ƙofa.

"Ka samo?"

"Wuta ce ta ɗauke, Baba. Sai gobe."

Ya ce Allah ya kai mu.

Neman Tijjani ya zama mini sana'a. In je ofis a ce ya fita da Oga, in je gidansa a ce yana barci, in koma ofis a ce in rubuta sunana in zauna. Na zauna a bencin nan tare da masu neman aiki da maroƙa da 'yan jagaliya har na san su da sunansu. Ranar da na same shi, yana zaune a ɗaki mai sanyi, waya biyu a gabansa. Ya miƙe da fara'a.

"A'a, Furofesa da kansa. Me za a kawo maka?"

Na ce ba abin da za a kawo mini, na gaya masa abin da na gani a kafe. Bai ko girgiza ba. Ya ce Oga ne ya matsa yana son ayyukansa su hau intanet cikin gaggawa, yin rajistar sababbin sunaye kuma yana ɗaukar lokaci, ga waɗannan a shirye, sai ya juya su na ɗan lokaci. Babbar kwamfutar kuma ta cika, sai aka share hotunan littattafan don a sami wuri, tunda akwai su a faifai.

"To firogiram ɗin da ke buɗe faifan fa?"

Nan ya ɗan sosa ƙeya. Ya ce turawan sun tashi da rumbunsu zuwa wani wuri, sun aiko masa saƙo ya gyara inda sunan yake nunawa, lokacin ana tsakiyar rabon muƙamai, bai duba ba. Da ya waiwaya an rufe tsohon wurin, baturen da suka yi aikin tare ya bar jami'ar, kwafin da ke ofis kuma ya tafi lokacin da aka wanke kwamfutocin.

"Amma ba abin da ya ɓata, Garba. Abu ne na zama ɗaya. Bari a wuce zaɓen nan, zan nemo shi."

"Baba ba zai kai zaɓe ba."

"Haba, kai ne Allah? Kawu ƙarfe ne. Ka gaishe shi, ka ce ina nan tafe."

Wayarsa ta yi ƙara, ya ɗaga mini hannu, aka buɗe mini ƙofa.

Na roƙe shi ya ba ni kalmar sirrin ko ya ba wani ya gyara, ya ce ba a ba da ita, yanzu ta zama ta ofis. Na je wurin Gwaggo Asabe na ce ta yi masa magana, ɗanta ne. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Kai dai ba ka son ganin ci gaban yaron nan. Wa ya ce ku binne? Shi ya riƙe digar?"

Daga bakinta maganar ta fita unguwa. Kafin wata ya zagayo labarin ya zama cewa Garba ne ya gaji da ɗaukar gafaka ya zuga tsoho makaho aka binne littattafai, Injiniya yana can yana aiki bai sani ba. Ba wanda ya zo ya tambaye ni. Mutum mai mota da mutum mai tafireta, an san wanda za a gaskata.

Baba kuwa na yi ta yi masa hanya-hanya, yau wuta, gobe intanet ba ya tafiya, jibi an rufe kafe. Wata safiya ya ce in zaunar da shi. Na jingina shi da bango. Ya juyo da fuskarsa inda yake jin numfashina.

"Mai nuna hanyar ya shagala, ko?"

Na shiga gyara masa mayafi. Ya gyaɗa kai, bai ƙara tambayata ba har ya bar duniya. Bai zagi Tijjani ba, bai zage ni ba. Abin da ya ce kawai a riƙa fitar da shi gindin dabino da hantsi. Sai in ɗauke shi, don ya zama ba nauyi, in shimfiɗa masa buzu kusa da duwatsun. Ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙasar ya yi ta rera waƙar, ya zo bakin kogi ya tsaya. Uwarku takan bar girki ta shige ɗaki idan ya fara.

Ran nan na kasa jurewa. Da aka mayar da shi zaure na ɗauko diga na kwashe duwatsun. Na ce ko ganye ɗaya ne, ko rabin baiti. Na haƙa a hankali, daga baya na ajiye digar na koma da hannu. Baƙar ƙasa na tarar mai laushi, da hanyoyin gara, da wani zare-zare da ya rage na farin ƙyallen. Na cika tafina da ƙasar ina dubawa kamar zan ga harafi. Maƙwabta suna leƙe ta katanga, a nan sunan da kuke ji ya manne mini. Da na shiga zaure Baba ya ce:

"Na ji ƙarar diga. Mayar da ƙasar, Garba. Ba a tone wanda ya huta."

Na mayar. Bai ƙara mako biyu ba ya rasu, ranar wata Laraba bayan azahar, kansa a cinyata. Leɓɓansa suna motsi har ƙarshe. Na san kalmar shahada ce, haka nake gaya wa kowa, haka kuma nake fata. Amma kafin ita na ji abin da yake nema, kuma ba ni da shi.

Faya-fayan suna nan a akwatin ƙarfe na ƙarƙashin gadona, cikin gafakar kakana. Na kai su wurin masu gyaran kwamfuta da dama, kowa ya juya ya ce bai san irinsu ba. Kai Mustafa da kake karatun kwamfuta, kada ka yar da su in na mutu. Wataƙila a zamaninku a sami mai buɗewa. Wanda ya so ji dai ya riga ya tafi.

Tijjani bai sami jana'iza ba, wai suna Abuja. Ranar sadakar uku ya zo, da motoci da mutanensa, aka matsa masa wuri a tabarmar gaba kusa da liman. Ya yi addu'a mai tsawo, har da share hawaye. Da aka shafa sai ya gyara murya ya ce yana da albishir ga unguwa, ya yi magana da Oga, za a gina ɗakin karatu na zamani a sa masa sunan Malam Yusha'u. Mutane suka ɗauki Allah ya saka da alheri. Na tashi na shiga gida, na ɗauko gafakar, na dawo na ratsa mutane na ɗora masa ita a cinya. Ya buɗe, ya ga faya-fayan suna ƙyalli.

"Karanta mana," na ce. "Daga inda matafiyi ya isa bakin kogi. Nan Baba ya tsaya."

Ya yi ɗan murmushi yana kallon mutane.

"Haba taubashi, nan ba wurin wasa ba ne."

Liman ya kama bakin rigata ya ce in zauna. Ban zauna ba. Ban ɗaga murya ba kuma, duk wanda ya ce muku na yi ihu ƙarya yake yi. Na karɓe gafakata daga cinyarsa, na dube shi a ido, na ce:

"Wasa ya ƙare tsakanina da kai, Tijjani. A zauren nan ya tambaye ka in ka shagala fa, ka yi dariya, ka dafa ƙirji. Da maganarka ya naɗe rubutun ubansa ya miƙo mini. Ni takarda na sa a rami, takardar da gara ta riga ta ci. Abin da ke cikinta a hannunka aka bar shi, ka share don a sami wurin hoton mai raba keken ɗinki. Ya mutu yana neman baiti ɗaya, kana da lokacin kowa ban da shi. Ka gina abin da za ka gina, amma kada ka sa sunan ubana a jiki. Na ga abin da kake yi da suna in an ba ka amanarsa. Fitar da mai shi kake yi, ka zuba wani a ciki."